Kafin inji ya tsaya: yadda ake gane manhajar hasashen lalacewa ta ƙwarai a tashoshin kuran

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, inji guda idan ya tsaya a tashar wuta unguwanni da dama ne ke kwana cikin duhu. Ƙanƙarar 'yan kasuwa ta narke, injin niƙa ya yi shiru, masu walda da teloli su zauna hannu rabbana, gidajen likita kuma su koma kan gurup. A 'yan shekarun nan kamfanoni da yawa a duniya suna tallar manhajojin kwamfuta da suke cewa suna iya faɗin lalacewar inji tun kafin ta auku. Daga cikinsu akwai masu aiki da gaske, akwai kuma waɗanda a takarda kawai suke da kyau. Ga yadda injiniyoyi ke bambance su, da dalilin da ya sa batun ya shafi duk mai biyan kuɗin kuran.

Me ya sa maganar ta shafi Nijar?

Kafin watan Agustan 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya ake sayo ta, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, nauyin gaba ɗaya ya koma kan tashoshin cikin gida, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a farkon shekarar 2024.

Tashoshin kuwa ba su da yawa. Akwai ta Goru Banda da ke bakin Yamai, wadda aka ƙaddamar a watan Afrilun 2017 da manyan injuna huɗu masu megawat 20 kowanne. Akwai ta Gudel mai megawat 89 da aka buɗe a 2021, da wata mai megawat 22 a Damagaram. A jahar Agadas, tashar kwal ta kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren tana aiki tun 1981 da injuna biyu masu megawat 18.8 kowanne, wato sun haura shekara 40 suna juyawa. Ta fannin hasken rana, akwai tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 tun 2023.

A ƙasar da ke da ɗaruruwan injuna, idan ɗaya ya tsaya wani zai ɗauki nauyinsa ba tare da kowa ya sani ba. A inda ake ƙirga su da yatsun hannu kuwa, kowane inji yana da unguwannin da ke rataye a wuyansa. Shi ya sa sanin ranar da zai gaza tun da wuri ke da daraja, shi ya sa kuma sayen manhajar da ba ta san aikinta ba ke da haɗari.

Hanyoyi uku na kula da inji

Hanya ta farko ita ce a bar inji ya yi ta aiki sai ya lalace sannan a gyara. Tana da arha ga ƙwan fitila, amma ga babban inji ɓarnar kan yaɗu: ƙaramin ƙarfe ɗaya ya karye, ya janyo asarar abin da ya ninka kuɗinsa sau ɗari.

Ta biyu ita ce gyara bisa lokaci, kamar yadda mai mota ke juye baƙin mai bayan ya ci kilomita kaza. Kamfanin da ya ƙera injin ke rubuta cewa bayan awa kaza a canza wannan, bayan awa kaza a kwance wancan. An daɗe ana ɗaukar wannan hanya a matsayin riga-kafin da ya fi magani, har sai da wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da wani rahoto a 1978 bisa buƙatar ma'aikatar tsaron Amurka. Sun gano cewa kashi 11 cikin 100 kacal na sassan jirgin da suka bincika ne lalacewarsu ke tafiya da yawan shekaru. Sauran kashi 89 ba su bin kalanda. Ma'ana, ana iya kwance sashe mai lafiya a jefar, ana kuma iya barin wanda ke gab da karyewa don lokacinsa bai yi ba a takarda.

Daga nan hanya ta uku ta samu ƙarfi: a riƙa sauraren injin, a gyara shi sa'ad da ya nuna alamar ciwo. Tsohon makaniki a garejin Maraɗi ya san wannan. Yakan ɗora bakin turnabis a jikin inji ya kara kunne a ƙotar, ya ce rulma ta fara ci. Manhajar hasashe tana ƙoƙarin yin wannan aikin ne dare da rana, da kunnuwa ɗari a lokaci guda.

Me manhajar ke saurare?

Ana liƙa ƙananan na'urorin awo a jikin injin, su riƙa aika lambobi zuwa kwamfuta. Mafi muhimmanci su ne jijjiga, zafi, matsin mai da na ruwa, da kuma abin da gwajin man inji ke nunawa.

Jijjiga ita ce ke fara tona asirin rulma, wadda wasu ke kira boris, da ƙarfen da ya kauce daga saiti. A injin gazuwal ko na ɗanyen mai, ana auna zafin hayaƙin kowace silinda dabam. Idan ɗaya ta fita daga sahun 'yan uwanta, alama ce cewa mai fesa mai ko bawul ya fara samun matsala. Gwajin man inji kuwa kamar gwajin jini yake a gidan likita. Garin ƙarfe a cikin man yana nuna zobba ko bangon silinda na cinyewa, jan ƙarfe da darma suna nuna ciwon rulma, sinadarin silikon kuma yana nuna ƙura ta samu hanyar shiga.

Taransifoma ma tana magana ta cikin manta. Idan wani wuri ya yi zafi fiye da kima a cikinta, ko tartsatsi ya tashi, man kan saki wasu iskoki su narke a cikinsa. Samun asetilen, irin iskar da masu waldar gas ke ƙonawa, alama ce ta tartsatsin wuta a ciki. Tun 1974 wani masani na kamfanin Hydro-Québec a Kanada, Michel Duval, ya tsara hanyar gane irin ciwon ta hanyar kwatanta yawan iskoki uku, kuma har yau ana aiki da ita a duniya.

Aikin manhajar shi ne ta tattara duk waɗannan lambobi, ta koyi yadda inji mai lafiya yake daga bayanan shekarun baya, sannan ta buga ƙararrawa idan ta ga abin da ya saɓa. Wasu suna ƙarawa da ƙiyasin awoyin da suka rage kafin sashen ya gaza. Tambayar ita ce: ta yaya za a san ƙararrawar abin dogaro ce?

Tarkon "kashi 99 cikin 100"

Lambar da masu talla suka fi so ita ce ta yawan dacewa: manhajarmu tana faɗin daidai kashi 99 cikin 100. Wannan lamba kaɗai ba ta nuna komai, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya bayyana dalili.

A ɗauka misali, inji ya yi shekara guda yana aiki, ya samu matsala a ranaku uku. A kawo manhajar da ba ta duba komai, kullum safe sai ta rubuta "lafiya lau". Cikin kwana 365 za ta dace sau 362, wato sama da kashi 99 cikin 100, alhali ba ta hango ko ɗaya daga cikin matsalolin uku ba. Saboda lalacewar babban inji abu ne da ba ya faruwa kullum, duk wanda ya ce babu komai zai riƙa dacewa kusan koyaushe.

Don haka masana ke raba tambayar gida biyu. Ta farko: cikin lalacewar da ta faru da gaske, guda nawa manhajar ta hango? Ta biyu: cikin ƙararrawar da ta buga, guda nawa ce ta gaskiya? Tambayoyin biyu suna jan juna kamar igiya. Idan aka sa manhajar ta zama mai saurin firgita, za ta kama kusan kowace matsala amma za ta cika ma'aikata da ihun banza. Idan aka sa ta zama mai haƙuri, ihun zai ragu amma wasu matsalolin za su wuce ta. Mai gadin da ke tada gida duk lokacin da kyanwa ta gifta, da mai gadin da ba ya motsi sai ya ga ɓarawo ido da ido, kowannensu na da aibinsa.

Lissafin awoyi

Wanne ya fi? Amsar tana cikin awoyin da inji zai yi a tsaye. Ga wani misali na lissafi kawai. A ce tarihin wata tasha ya nuna lalacewa goma, aka gwada manhajoji biyu a kan wannan tarihi. Ta farko ta buga ƙararrawa sau 90, ta kama 9, ɗaya ta kuɓuce mata. Ke nan sau 81 ihun banza ne. Ta biyu ta buga sau 14, ta kama 7, uku suka wuce ta. Ihunta na banza 7 ne kawai.

A ce kowace ƙararrawar banza tana sa a tsayar da injin awa 6 don dubawa. Ta farko ta ci awa 486, ta biyu awa 42. Idan lalacewar da ba a hango ba babba ce, irin wadda ke kwantar da inji wata guda, wato awa 720, to asarar ta farko ta zama awa 1,206, ta biyu kuma awa 2,202. A nan mai yawan ihu ta fi amfani. Idan kuwa lalacewar ƙarama ce da ake gyarawa cikin kwana biyu, wato awa 48, ta farko ta ci awa 534, ta biyu 186. A nan mai haƙuri ce ta yi nasara.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne ba a yanke wa manhaja hukunci a dunƙule. Sai an bi sashe sashe: wanda karyewarsa ke kwantar da tasha ko ta yi barazana ga rayukan ma'aikata, gara a jure ihun banza a kansa; wanda ake da madadinsa a sito kuma ake canza shi da wuri, ba ya buƙatar a tada hankali. Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa. Ma'aikacin da aka tasa sau 81 bai ga komai ba, a karo na 82 yana iya kashe ƙararrawar ya ci gaba da shan shayinsa, kuma wataƙila wannan ce ta gaskiya. Haka nan awa 6 a watan Disamba, lokacin da buƙatar wuta ta ragu, ba ɗaya ba ne da awa 6 a tsakiyar Afrilu.

Gargaɗin kwana nawa?

Manhaja na iya kama kowace matsala amma ta kasance ba ta da amfani idan gargaɗinta ya zo a makare. Tsakanin lokacin da ciwo ya fara nuna alama da lokacin da sashen ya gaza akwai tazara, kuma darajar manhajar tana cikin yawan abin da ta bai wa ma'aikata daga wannan tazara.

Nan ne yanayin Nijar ya bambanta da na ƙasashen da ake ƙera injunan. A Jamus ko Faransa gargaɗin kwana uku na iya isa, domin kayan gyara na iya zuwa washegari. Nijar ba ta da teku. Tsakanin Kwatano da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma tun rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da jinkiri. A ƙara da lokacin yin oda, biyan kuɗi da kuma duwan. Gargaɗin kwana uku a kan sashen da ke ɗaukar wata biyu kafin ya iso yana taimakawa a kashe injin kafin ɓarna ta yaɗu, amma ba zai hana duhu ba. Saboda haka a wurin gwaji dole a rubuta, ga kowace matsala da aka kama, kwana nawa gargaɗin ya riga ta, a kwatanta da kwanakin da ake buƙata don samo kayan da masu ɗaura su.

Ga manhajojin da ke ƙiyasta ragowar kwanakin sashe, kuskure iri biyu ne kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan ta ce saura kwana 20 alhali saura 40, an yi asarar ɗan amfani. Idan ta ce saura 40 alhali saura 20, injin zai karye yana cikin aiki. A wata gasar hasashe da aka yi a 2008 da bayanan hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, an tsara makin ne ta yadda wanda ya makara ke shan horo fiye da wanda ya yi gaggawa. Manhaja ta ƙwarai kuma ba ta faɗin rana guda tamkar boka. Takan ce tsakanin kwana kaza da kaza, kuma ana iya duba tarihi a ga sau nawa gaskiya ta faɗo cikin wannan tsakani.

A kan wane inji aka gwada ta?

Yawancin sakamako masu ƙayatarwa da ake gani a takardun bincike daga bayanan ɗakin gwaji suke fitowa. Bayanan NASA da aka ambata na injunan jirgin sama ne da aka kwaikwaya a kwamfuta. Wasu bayanan da aka fi amfani da su a duniya kan ciwon rulma sun fito ne daga jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, inda aka yi wa rulma ƙananan raunuka da gangan aka ɗaura a ƙaramin inji mai ƙarfin doki biyu. Suna da amfani ga ɗalibai da masu bincike, amma nasara a kansu ba hujja ba ce cewa manhajar za ta fahimci injin megawat 20, ko tukunyar tururin da ta shekara 40 tana cin kwal.

Ko da an yi gwajin da bayanan tashar kanta, akwai wata zamba da kan shiga, wani lokaci ba da niyya ba. Idan aka cakuɗa bayanan shekaru, aka koyar da manhajar da wani ɓangare aka gwada ta da sauran, to ta riga ta ga ranar Litinin da ranar Laraba na makon da ake tambayarta game da Talata. Kamar ɗalibi ne da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya. Gwajin gaskiya yana bin lokaci: a koyar da ita da shekarun baya, a gwada ta da shekarar da ta biyo, wadda ba ta taɓa gani ba. Ya fi kyau ma a koyar da ita da wasu injuna a gwada ta da wani dabam.

Duk wannan yana tsayuwa ne a kan littafin tarihin gyara. Idan ma'aikata sun rubuta "an gyara" kawai, ba tare da rana, awa, sashen da ya lalace da abin da aka tarar ba, babu abin da za a auna manhajar da shi. Tashar da ke son shiga wannan harka, aikinta na farko ba ya buƙatar kuɗin waje: ta tsare rubuta tarihin kowane inji dalla-dalla.

Sannan a kwatanta manhajar da abin da ake da shi tun da. Kowane babban inji yana zuwa da iyakokin zafi da jijjiga waɗanda idan an ƙetare su fitila ke kunnuwa, kuma kowace tasha tana da tsofaffin ma'aikata masu kunne. Idan sabuwar manhaja ba ta riga waɗannan biyun gano matsala ba, kuɗin da aka zuba mata bai sayo komai ba.

Zafi, ƙura da shekara guda ta gwaji

Ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin gazuwal ana auna shi ne bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa a zafin digiri 25. Haka ma faifan hasken rana, wanda ke rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru sama da 25. Ga taransifoma, ƙa'idar ta ce idan wuri mafi zafi a cikinta ya wuce digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan takardar da ke naɗe da wayoyinta. Manhajar da ta koyi "lafiya" a ƙasa mai sanyi za ta ɗauki ranar bazara ta yau da kullum a Tawa a matsayin gobara. Idan kuma aka sassauta ta don ta yi shiru, tana iya yin shiru har a ranar da ciwon gaske ya zo.

Hunturu na kawo nasa. Ƙura tana toshe matatar iska da wuri, tana rufe faifan rana, tana kuma shiga na'urorin awon kansu. Ƙararrawa da yawa ba daga inji suke fitowa ba, daga na'urar awo ce da ta kwance ko wayarta ta tsinke, don haka ana gwada ko manhajar na iya bambance ciwon inji da ciwon ma'auni. Canjin mai, ko babban gyaran da aka yi wa inji, su ma suna sauya lambobinsa, kuma manhajar da ta yi kyau bara tana iya rikicewa bana idan ba a sake saita ta ba.

Saboda waɗannan dalilai, hanyar da ta fi aminci ita ce a bar manhajar ta yi aiki a gefe na aƙalla shekara guda, ta ga ɗari, bazara, damina da kaka, ba tare da an miƙa mata ragamar yanke shawara ba. Duk ƙararrawar da ta buga a rubuta ranarta. Duk lokacin da aka buɗe injin a rubuta abin da ido ya gani, a ɗauki hoto, a ajiye sashen da aka cire. Wannan na da muhimmanci domin idan aka gyara inji bisa gargaɗi, lalacewar ba za ta faru ba, kuma shaidar kawai da za ta nuna gargaɗin gaskiya ne ita ce ƙarfen da aka ciro. Gani ya kori ji.

Wa ke da ikon kashe injin?

Ranar 17 ga Agustan 2009, a tashar ruwa ta Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Rasha, mai ƙarfin megawat 6,400, murfin inji na biyu ya ɓalle, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasa rayukansu. Binciken hukumomin Rasha ya nuna cewa injin ya daɗe yana jijjiga fiye da iyakar da aka yarda da ita, har ƙusoshin da ke riƙe da murfin suka gaji suka karye. Ana auna jijjigar, lambobin suna nan, amma ba a tsayar da injin ba.

Darasin ya shafi kowace tasha, har da madatsar Kandaji mai megawat 130 da ake ginawa a kan kogin Kwara a jahar Tilaberi. Auna manhaja ba ya ƙarewa a kan kwamfuta. Sai an duba abin da ke faruwa bayan ƙararrawa: wa take isa gare shi, cikin minti nawa, kuma yana da ikon tsayar da inji a tsakiyar bazara, lokacin da gari ke kuka da rashin wuta kuma magabata na bugo waya? Wannan shawara tana sauƙi idan manhajar na iya faɗin dalilinta. "Haɗari kashi 80" ba ya gaya wa makaniki inda zai sa hannu. "Zafin silinda ta bakwai yana hawa tun kwana tara, jan ƙarfe kuma ya ƙaru a cikin mai" magana ce da zai iya bincikawa, ya kuma kare ta a gaban shugabansa.

Akwai wasu tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin sa hannu a kwangila. Bayanan injunan mallakar wa ne, kuma a wace ƙasa ake ajiye su? Idan intanet ta yanke, manhajar na ci gaba da aiki a cikin tashar? Kuɗin shekara shekara da wane kuɗi ake biyansa, kuma me zai faru idan wata rana takunkumi ko rikicin siyasa ya sa kamfanin ya janye? Abin da ya faru a 2023 ya nuna cewa wannan ba tambayar raha ba ce. A ƙarshe, injiniyoyin ƙasa, waɗanda makarantar EMIG ta Yamai da jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ke yayewa, za su iya sake saita manhajar da kansu, ko kuwa kowane ɗan gyara sai an jira baƙo ya sauka daga jirgi?

Abin da mai biyan kuɗin wuta zai lura da shi

Hasashen lalacewa ba ya ƙara ko megawat ɗaya a kan abin da ƙasa ke da shi. Ba ya hana iskar damina kada turakun layi, ba ya kuma maye gurbin wutar da aka katse daga waje. Idan buƙata ta fi ƙarfin tashoshi, rabon wuta unguwa unguwa zai ci gaba ko da kowane inji na cikin ƙoshin lafiya.

Abin da yake iya yi shi ne ya mayar da tsayuwar ba-zata ta koma tsayuwar da aka shirya. Wannan kuwa ana iya auna shi da lambobin da kamfanin wuta da hukumar ARSE mai sa ido kan fannin makamashi za su iya bayyana wa jama'a: sau nawa injuna suka tsaya ba shiri a shekara, awa nawa suka yi a kwance, kuma nawa ne daga cikin manyan gyare-gyare aka yi a watannin sanyi maimakon tsakiyar zafi. Idan bayan shekara biyu ko uku waɗannan lambobi ba su motsa ba, manhajar ba ta biya kuɗinta ba, komai kyan hotunan da take nunawa a allo.

A wurin mai saida ƙanƙara a Damagaram ko mai injin niƙa a Madawa, bambancin yana da sauƙin ganewa. Wutar da aka sanar a rediyo tun kwana uku cewa za a ɗauke ta ranar Lahadi da safe don gyara, mutum na iya shirya mata: ya rage kayan firigo, ya yi niƙansa ranar Asabar. Wadda ta tafi ƙarfe biyun rana ba sallama, ba kuma wanda ya san ranar dawowarta, ita ce ke cinye jari.